Ranar da Kasuwa Ba Ta Ci

Da tsakar daren Alhamis, 14 ga watan Maris na shekarar 1968, sa'ad da yawancin mutanen Landan suka riga suka yi nisa da barci, Firayim Ministan Birtaniya, Harold Wilson, da Ministan Kuɗi, Roy Jenkins, suka nufi fadar Buckingham wurin Sarauniya Elizabeth. Abin da ya kai su a wannan lokaci kuwa shi ne neman yardarta a yi shela cewa Juma'ar da za ta waye ta zama ranar hutun banki. Babu salla a ranar, ba a yi sabon sarki ba, ba a kuma ci wani yaƙi ba. Gari na wayewa dillalai suka iso bakin aiki kamar kullum, suka tarar an rufe kasuwar zinariya, da ta hannun jari, da ta canjin kuɗaɗen ƙasashen waje.

Dalilin wannan hutu na ba-zata yana can hayin teku, a Washinton. A zamanin nan Amurka ta ɗauki alkawarin cewa dala 35 daidai take da oza ɗaya ta zinariya, kuma tun 1961 manyan bankunan ƙasashe takwas suka haɗa zinariyarsu, suna sayarwa a kasuwar Landan duk lokacin da farashi ya nemi ya ƙetare wannan iyaka. Da aka karya darajar fam na Ingila a watan Nuwamba na 1967, sai masu kuɗi suka zaci saura dala, suka yi ca a kan zinariya. A mako na biyu na watan Maris ɗaruruwan tan suka fita daga hannun gwamnatoci cikin 'yan kwanaki. Amurka ta roƙi Birtaniya ta rufe kasuwar tun rumbu bai ƙare ba, hanya mafi sauri da doka ta tanada kuwa ita ce a ce ranar ta hutu ce. Gaggawar da aka yi har ta jawo rigima cikin gwamnati, domin Ministan Harkokin Waje, George Brown, ya fusata da aka yanke shawarar ba da shi ba, ya ajiye aikinsa.

Wannan labari yana nuna wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba game da ranakun hutu. Ga ma'aikacin ofis, hutu rana ce ta zama a gida da iyali. A kasuwar kuɗi kuwa al'amari ne na doka, wanda ke faɗin ranar da ba za a yi ciniki ba, da ranar da ba za a tilasta wa kowa biyan bashi ba. To, amma dokar kowace ƙasa a bakin iyakarta take tsayawa. Tana iya kulle ƙofar kasuwa, ba ta iya hana aukuwar abubuwan da ke ɗaga farashi ko su karya shi, ba ta kuma iya hana kasuwannin sauran ƙasashe ci. Riba da hasarar da ke biyo bayan ranakun hutu duk daga nan suke tasowa.

Asalin wannan suna, watau hutun banki, daga Ingila yake. Kafin shekarar 1834 Bankin Ingila yakan rufe a ranaku fiye da 30 na bukukuwan addini kowace shekara, sa'an nan aka zaftare su suka koma huɗu. A 1871 wani mai banki kuma ɗan majalisa, Sir John Lubbock, ya gabatar da dokar da ta keɓe wa bankuna ranaku huɗu na hutu, ƙari a kan Kirsimeti da Juma'ar Ista. Mai sauraro zai yi mamakin abin da ya sa sai da doka kafin banki ya rufe ƙofarsa, alhali mai kanti yana rufe tasa duk ranar da ya ga dama. Dalili shi ne, cinikin zamanin da takardun alkawari ake yin sa, kowace takarda da ranar biyanta a rubuce. Rana kuwa ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. In ranar ta zo aka kawo takarda aka tarar da banki a kulle, to a idon shari'a ya kasa biya ke nan, bankin da aka ce ya kasa biya kuwa tasa ta ƙare. Dokar Lubbock ta ce duk biyan da ya faɗo a ranar hutu, in an yi shi kashegari, daidai yake da an yi shi a kan kari. Jama'ar Ingila, waɗanda su ma suka ci moriyar hutun, suka riƙa kiran ranakun cikin raha da sunan ranakun Waliyyi Lubbock.

A yau kowace babbar kasuwa tana buga jadawalin ranakun hutunta tun shekara ba ta kama ba. Kasuwar hannun jari ta Landan tana buɗewa ƙarfe 8 na safe ta tashi ƙarfe 4 da rabi na yamma, kuma ban da Asabar da Lahadi ranaku takwas take hutawa a shekara: ranar sabuwar shekara, Juma'a da Litinin na Ista, Litinin biyu cikin watan Mayu, Litinin ta ƙarshe a Agusta, sa'an nan Kirsimeti da kashegarinta. A jajibirin Kirsimeti da na sabuwar shekara rabin yini take yi, ta tashi ƙarfe 12 da rabi. Ta birnin Niyok tana ci daga ƙarfe 9 da rabi zuwa ƙarfe 4, agogon can, ranakun hutunta kuwa goma ne, ta baya-bayan nan ita ce 19 ga Yuni, ranar tunawa da 'yanta bayi, wadda ta shiga jadawalin a 2022. Sai dai ko a cikin Amurka kanta jadawalin ba ɗaya ba ne. Juma'ar Ista ba ta cikin ranakun hutun gwamnatin tarayya, amma kasuwar hannun jari tana rufewa. A ranar Columbus cikin Oktoba, da ranar tsofaffin sojoji cikin Nuwamba, babban banki da kasuwar takardun bashin gwamnati suna hutu, alhali kuwa ana can ana cinikin hannun jari.

In aka nufi gabas sai lissafin ya sake. Kasuwar Tokyo tana rufewa daga 31 ga Disamba zuwa 3 ga Janairu, amma ranar Kirsimeti tana ci kamar kowace rana. Ta Shanghai tana yin kamar mako guda a rufe lokacin sabuwar shekarar Sinawa, da wani makon kuma a farkon Oktoba. Ta Riyad tana yin kwanaki a rufe a ƙaramar salla da babba. A Indiya kuwa, ranar bikin Diwali ta hutu ce, amma ana buɗe kasuwa na awa ɗaya domin 'yan kasuwa su yi cinikin neman albarkar sabuwar shekararsu. Hatta ranar 1 ga Janairu, wadda ake zaton ta kowa ce, Riyad da Mumbai suna ci. Bayan waɗannan akwai hutun da ba ya cikin jadawalin kowa. Landan ta rufe ranar 19 ga Satumba, 2022, domin jana'izar Sarauniya Elizabeth, Niyok ta rufe ranar 9 ga Janairu, 2025, domin makokin tsohon Shugaba Jimmy Carter, Riyad kuma ta rufe ranar 23 ga Nuwamba, 2022, saboda Sarki Salman ya ba da hutu bayan 'yan ƙwallon Saudiyya sun ci Ajantina a gasar kofin duniya.

Wannan saɓani na jadawali yana haifar da abubuwa uku. Na farko shi ne taruwar labari. Farashin hannun jari ra'ayi ne na masu saye da sayarwa game da abin da gobe za ta kawo, ra'ayi kuwa yana sakewa da kowane sabon labari. In kasuwa tana ci, farashi yakan gangara kaɗan-kaɗan, kowa ya sami damar fita a inda ya ga zai iya jurewa. In tana rufe sai labarai su taru kamar ruwan da aka datse. An ga haka a ƙasar Sin a farkon 2020. Ranar Alhamis 23 ga Janairu aka killace birnin Wuhan saboda cutar korona, a ranar ce kuma kasuwar Shanghai ta yi cinikinta na ƙarshe kafin hutun sabuwar shekara. Gwamnati ta ƙara tsawon hutun, ranar 30 ga wata Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar cewa cutar ta zama barazana ga duniya, farashin takardun da suka danganci kamfanonin Sin yana ta faɗuwa a Singafo da Landan da Niyok, masu jarin da ke cikin ƙasar kuwa suna kallo, ba su da ikon sayar da ko hannu ɗaya. Da aka buɗe ranar 3 ga Fabrairu, ko da yake babban banki ya zuba yuan biliyan 1,200 cikin bankuna don kwantar da hankali, ma'aunin kasuwar ya faɗi da kashi 7.7 cikin 100 a yini ɗaya. Hannayen jarin kamfanoni fiye da 3,000 a Shanghai da Shenzhen suka faɗi har iyakar da doka ta yarda a faɗi a rana guda.

Abu na biyu yana samun kasuwannin da suka rage a buɗe, shi ne ƙarancin masu ciniki. Duk wanda ya taɓa kai dabba kara da yamma lis, bayan manyan masu saye sun watse, ya san yadda tayin mutum ɗaya yake zama farashi. Kasuwar canjin kuɗi ta duniya ba ta da gini ko ƙofa. Tana farawa da safiyar Litinin a Wellington da Sidni, ta bi rana zuwa Tokyo da Singafo, ta miƙa wa Landan, Landan ta miƙa wa Niyok, haka har yammacin Juma'a. Amma tsakanin tashin Niyok da buɗewar Tokyo akwai ɗan lokacin da masu ciniki ke ƙaranci ƙwarai, in kuma Tokyo tana hutu sai giɓin ya ƙara faɗi. Ranar 3 ga Janairu, 2019, Japan tana hutun sabuwar shekara, ga shi kamfanin Apple ya ba da sanarwar cewa cinikinsa a Sin ya ja baya. A cikin wannan giɓi aka sami masu neman kuɗin yen, masu sayarwa kuwa babu. Cikin 'yan mintoci dala ta faɗo daga kusan yen 109 zuwa ƙasa da 105, dalar Ostireliya kuma ta yi faɗuwar da rabonta da irinta kusan shekara goma. Kafin yini ya ƙare farashi ya farfaɗo da yawa. Sai dai ƙananan masu jari na Japan, waɗanda suka ci bashi suka sayi kuɗaɗen waje, kwamfutocin dillalansu sun riga sun sayar musu da kayansu a ƙasan farashi, da yawansu kuwa suna gida suna biki.

Abu na uku ba ya shiga kanun labarai, amma ya fi sauran taɓa aljihun mutane, shi ne ƙidayar ranakun biya. A kasuwar hannun jari, ranar da aka ce an sallama dabam, ranar da kuɗi da kaya ke sauya hannu dabam, kuma ranakun aiki kaɗai ake ƙirgawa a tsakani. Tun 2014 Landan ta ɗauki ƙa'idar kwana biyu na aiki. Saboda haka wanda ya sayar da hannun jarinsa ranar Litinin zai ga kuɗinsa ranar Laraba. Wanda ya sayar ranar Alhamis ta jajibirin Ista kuwa, Juma'a hutu, Asabar da Lahadi hutu, Litinin hutu, Talata kwana ɗaya, kuɗinsa sai Laraba, watau kwana biyu sun zama shida. In yana da bashin da zai biya a tsakani, dole ya nemi rance, ya kuma biya ladan rancen. A 2024 ƙasashen Amurka ta Arewa suka rage wa'adin zuwa kwana ɗaya, a nan ma hutu ya raba su: Kanada da Meziko suka fara ranar Litinin 27 ga Mayu, Amurka kuwa sai Talata 28, domin Litinin ɗin ranar tunawa da sojojinta da suka rasu a fagen fama ce. Gajarta wa'adi ya rage haɗarin wani ya tsere da kuɗin wani, amma ya matsa wa baƙo, domin mai saye daga Asiya ko Gabas ta Tsakiya dole ya tanadi dala cikin sa'o'i kaɗan, ko da bankunan garinsu suna hutu.

Har wa yau, kowane kuɗi yana da gidansa, a can ne kuma ake kammala biyansa. Manyan biyan dala tsakanin bankuna a Amurka suke ƙarewa, ko da mai biya yana Accra mai karɓa yana Dubai. Na yuro suna bi ta hanyar da manyan bankunan Turai ke gudanarwa, wadda ke rufewa ranaku shida a shekara: 1 ga Janairu, Juma'a da Litinin na Ista, 1 ga Mayu, sa'an nan 25 da 26 ga Disamba. In za a canza wani kuɗi da wani, sai an sami ranar da gidajen biyu suke buɗe. Wannan ya shafi attajirin Yamai, ko Njamena, ko Garwa, wanda kuɗinsa na sefa yake ɗaure da yuro: bankinsa yana iya kasancewa a buɗe ranar Juma'ar Ista, amma kuɗin kayan da zai biya a Turai ba za su sauka ba sai Talata. Ƙananan kuɗin da ma'aikata ke aika wa iyali ta wayar hannu sukan isa ko a ranar hutu, domin kamfanonin aikawa suna ajiye kuɗi a ƙasashen biyu tun da wuri. Kuɗin jirgin kaya kuwa, ko na makarantar yaro, ko na asibiti, in ta banki suka bi, ranar aiki suke jira.

Ban da ranakun bukukuwa, akwai kuma saɓanin hutun mako. Har zuwa tsakiyar 2013 Saudiyya Alhamis da Juma'a take hutawa, Turai da Amurka kuwa Asabar da Lahadi, watau kwana uku kacal, Litinin zuwa Laraba, bankunan ɓangarorin biyu ke haɗuwa a bakin aiki. A watan Yuni na shekarar Sarki Abdullah ya mai da hutun Juma'a da Asabar, ranakun haɗuwa suka zama huɗu. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta wuce nan: daga Janairu 2022 ta koma hutun Asabar da Lahadi, ma'aikatan gwamnati suna tashi da tsakar rana ranar Juma'a domin salla. Cin kasuwa ranar Lahadi kuwa yana sa Riyad ta zama mai fara ɗanɗana labarin ƙarshen mako. Ranar Juma'a 6 ga Maris, 2020, shawarwarin ƙasashe masu arzikin man fetur suka watse a Biyana ba tare da an daidaita tsakanin Saudiyya da Rasha ba. Ranar Lahadi, yayin da Landan da Niyok ke rufe, kasuwar Riyad ta faɗi da kashi 8 da ɗoriya cikin 100, hannun jarin Aramco kuma ya sauka ƙasa da riyal 32 da aka fara sayar da shi, karo na farko. Kashegari farashin ɗanyen mai ya zube da kusan rubu'i, aka kuma dakatar da ciniki a Niyok na minti 15 jim kaɗan bayan buɗewa. Wanda ya dubi Riyad ranar Lahadi ya riga ya ga abin da Litinin za ta kawo.

Ranakun salla suna da nasu hali, domin da ganin wata suke tafiya, ba a kuma tabbatar da su sai a daren. Dillalin Landan ya san ranar Kirsimeti ta shekara goma masu zuwa, amma na Legas yakan kwana bai san ko jibi kasuwa za ta ci ba. A watan Afrilu na 2024 gwamnatin Nijeriya ta ba da hutun ƙaramar salla ranakun Talata 9 da Laraba 10 ga wata. Daren Litinin ba a ga wata ba, fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi ta sanar da cewa azumi zai cika 30, salla ta koma Laraba, gwamnati ta ƙara ranar Alhamis. Kasuwar hannun jari ta Legas kwana biyu kaɗai ta ci a makon, Litinin da Juma'a, duk biyan da aka shirya yi ranar Alhamis kuma ya matsa gaba. Babu wata babbar hasara a cikin wannan ga wanda ya san al'adar ya bar wa kansa sarari. Wanda yakan sha wuya shi ne mai alkawari da baƙon da ke wata ƙasa, wanda takardarsa ta ambaci ranar biya amma ba ta faɗi jadawalin ƙasar da za a bi ba.

Gwamnatoci ma sun san amfanin ƙofa a kulle, shi ya sa sukan ajiye shawarwari masu ɗaci sai daren Juma'a ko jajibirin hutu, in babu hutu kuma su ƙirƙiro shi. Mafi shahara shi ne na Amurka a 1933. Franklin Roosevelt ya hau mulki ranar Asabar 4 ga Maris, bankuna suna mutuwa, jama'a suna layi suna kwashe ajiyarsu. Ranar Litinin ya ba da hutun banki a ƙasar baki ɗaya. Cikin kwanakin nan majalisa ta zartar da dokar gaggawa, masu bincike suka rarrabe bankuna masu lafiya da marasa lafiya, ranar Lahadi 12 ga wata kuma shugaban ya yi wa jama'a bayani ta rediyo cikin sauƙin harshe. Da aka fara buɗe bankuna kashegari, mutane suka riƙa mayar da kuɗin da suka ɓoye a gida. Kasuwar hannun jari ta buɗe ranar 15 ga Maris, ma'aunin Dow Jones ya hau da kashi 15 cikin 100 da 'yan kai, hawan da ba a sake yin irinsa a yini ɗaya ba.

Amma ba kullum ake dacewa haka ba. A watan Oktoba na 1987, bayan faɗuwar da kasuwar Niyok ta yi ranar Litinin 19 ga wata, shugabannin kasuwar Hong Kong suka rufe ta kwana huɗu, da fatan hankula za su kwanta. Ba a kau da abin da ya tsorata mutane ba, da aka buɗe ranar 26 ga wata sai farashi ya zube da sulusi a yini ɗaya. A tsibirin Kubrus kuwa, da asubahin Asabar 16 ga Maris, 2013, aka sanar da cewa za a yanki wani kaso daga ajiyar kowane mai kuɗi a banki domin ceto bankunan ƙasar. Ranar Litinin mai zuwa hutu ce ta shiga azumin Kiristoci, watau masu ajiya ba su da ƙofar da za su ƙwanƙwasa har kwana uku. Majalisar ƙasar ta ƙi shirin, aka yi ta ƙara hutu a kan hutu, bankuna ba su buɗe ba sai 28 ga wata, da sharaɗin kada kowa ya ɗebi fiye da yuro 300 a rana. A ƙarshe an bar wa ƙananan masu ajiya kuɗinsu, amma a babban bankin kasuwanci na ƙasar an mai da kashi 47.5 cikin 100 na abin da ya haura yuro 100,000 hannun jari, ko mai shi yana so ko ba ya so.

To, yaya aka ƙare da hutun Landan na 1968? A ranar Juma'ar da Landan ke rufe, kasuwar Faris ta ci, farashin zinariya kuma ya haura dala 40. Shugabannin manyan bankuna suka taru a Washinton ranakun Asabar da Lahadi, suka yanke cewa gwamnatoci za su ci gaba da hulɗa tsakaninsu a kan dala 35, sauran jama'a kuwa kasuwa ta yi musu farashi. Kasuwar zinariya ta Landan ba ta sake buɗewa ba sai 1 ga Afrilu. Cikin makonni biyun nan manyan bankuna uku na birnin Zurich a Switzalan suka haɗa kai suka karɓi cinikin, har zinariyar Afirka ta Kudu ta koma bi ta hannunsu shekaru da dama. A 1971 Amurka ta janye alkawarinta ɗungum, a watan Janairu na 1980 kuwa oza ɗaya ta kai dala 850.

Ganin haka, wasu suna tambaya ko bai fi kyau a bar kasuwa a buɗe dare da rana ba, tun da yanzu kwamfuta ke yawancin aikin. A 2024 da 2025 manyan kasuwannin Niyok guda biyu sun bayyana shirin tsawaita ciniki zuwa kusan yini da kwana, ranaku biyar a mako, kuɗaɗen intanet irin su Bitcoin kuwa dama ba su san Lahadi ko salla ba. Sai dai su ma igiyarsu tana hannun banki. Da bankin Silicon Valley ya durƙushe ranar Juma'a 10 ga Maris, 2023, wani kuɗin intanet mai suna USDC, wanda aka yi alkawarin daidai yake da dala ɗaya, ya sauko ƙasa da senti 90 ranar Asabar, domin dala biliyan 3.3 na ajiyarsa suna cikin wannan banki, ba kuwa mai iya taɓa su sai Litinin. Masu goyon bayan hutu kuma suna da hujjarsu. A bayan kowane ciniki akwai masu daidaita lissafi da masu gyaran na'ura, waɗanda ke bukatar lokacin da ƙafa ta ɗauke. A rabin ƙarshe na 1968 takardu sun yi wa ofisoshin dillalan Niyok yawa har aka riƙa rufe kasuwa kowace Laraba domin a rage su. Ƙarshen mako kuma shi ne ya ba Roosevelt, da hukumomin Amurka na 2023, damar gyara kafin jama'a su yi cincirindo a bakin ƙofa.

Saboda haka ranakun hutu suna nan, saɓaninsu ma yana nan, tun da kowace al'umma da addininta da tarihinta. Abin da ya rage ga mai hulɗa da ƙetare, ko ɗan kasuwa ne a Kumasi, ko ma'aikaci a Jidda, ko ɗalibi a Manchester, shi ne ya riƙe jadawali uku: na ƙasar da yake zaune, na ƙasar abokin cinikinsa, da na ƙasar da ke da kuɗin da za a yi biya da shi. In zai rattaba hannu a takardar alkawari, ya duba ko ta faɗi abin da za a yi idan ranar biya ta faɗo a kan hutu. In yana da bukatar kuɗi kafin salla ko Kirsimeti, ya ƙirga ranakun aiki, ya kuma ƙara kwana ɗaya saboda wata. In kuwa da bashi ya sayi jarinsa, to kafin dogon hutu ya tambayi kansa ko zai iya ɗaukar abin da zai tarar ranar da aka buɗe ƙofa.